Shimfiɗar Fuska Ma Sana'a Ce

A ƙasar Hausa da zarar an ambaci otal, abin da ke faɗo wa jama'a a rai shi ne giya da shashanci. Ɗaukar tire kuwa, a ganinsu, aikin boyi-boyi ne. Shi ya sa a shekara 20 da na yi ina riƙe da alli, ɗalibi ɗaya tak na sani da ya zaɓi wannan hanya da gangan.

Yaron ya yi kwas a cibiyar koyar da aikin otal ta ƙasa, wato NIHOTOUR, reshenta na Bagauda a Jihar Kano. Ya faro ne daga goge cokula da naɗe tsummokan tebur. Yau shi ne shugaban masu sabis a wani babban otal a Abuja.

Mai karatu, aikin ba kai faranti ba ne kawai. Kafin a buɗe ɗakin cin abinci sai ya tara yaransa, ya duba farcensu da gugar rigunansu, ya raba musu tebura, sa'an nan ya shiga kicin ya ji daga bakin kuku abin da aka dafa da abin da ya ƙare. Dole ya san abin da ke cikin kowace miya, domin akwai baƙon da gyaɗa kaɗan za ta kai shi asibiti. In baƙo ya fusata, shi ke tarar zafin, ba tare da ya wulaƙanta yaronsa ba. Wallahi ni da ke fama da aji mai yara 60 na san nauyin wannan.

Duk da haka, da ya je neman aure a unguwarsu, sai mahaifin yarinyar ya ce ba ya ba ɗan otal 'yarsa. Bai tambayi halinsa ba, bai tambayi sallarsa ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Mu ne fa muke cewa baƙonka annabinka, muke yabon mai shimfiɗar fuska. To, don me wanda ya mai da karɓar baƙi hanyar cin halaliyarsa zai zama abin ƙyama?

Gaskiya ne akwai otal-otal da ɗan kirki bai kamata ya leƙa ba. Sai iyaye su bincika wurin, su bar sana'ar ta huta. Allah Ya sa mu gane.