Kukan kurciya jawabi ne

A ƙasar Hausa, idan masifa ta auka wa mutum, kalma ɗaya muke kai masa: haƙuri. Da ita ake gaisuwar mutuwa, da ita ake jajen gobara. Kalma ce mai daraja, amma sau da yawa mukan mai da ita murfi, mu toshe bakin mai ciwo tun bai faɗi inda ke yi masa zafi ba.

Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma. An ƙona majami'u da dama, mutum goma suka rasa rayukansu. Wata abokiyar aikina, Kirista, tana cikin waɗanda wurin ibadarsu ya zama toka. Ta yi watanni, ko ƙaurin shara ta shaƙa sai jikinta ya ɗauki rawa. Muna ba ta haƙuri, tana amsawa cikin ladabi. Sai daga baya ta gaya mini cewa abin da ya riƙe ta wani ɗan littafi ne a cikin Littafi Mai Tsarki, mai suna Makoki.

Na nemi littafin na karanta da idon malamin harshe. Waƙoƙi biyar ne na kukan Urushalima, birnin da rundunar Nebukadnezzar ta Babila ta rushe wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Annabi Isa. Babu sakaya zance a ciki: yara na suma don yunwa a kan tituna, ɗakin ibada ya ƙone, mawaƙin kuma yana tambayar Ubangiji dalili. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gininsa. A asalin Ibrananci, huɗu daga cikin waƙoƙin suna bin haruffa 22 na harshen bi da bi, daga na farko zuwa na ƙarshe. Wanda tsoro ya gigita, tunaninsa yawo yake yi kamar guguwa. Wannan tsari yakan kama hannunsa ya ce: fara daga nan, faɗi duka, ga kuma inda za ka tsaya ka numfasa. Kalmomin sa zuciya ga rahamar Allah suna tsakiyar waƙa ta 3, kewaye da kuka gaba da baya, kuma littafin ya ƙare da roƙon da ba a ji amsarsa ba.

Haka Zabura take: kusan kashi ɗaya cikin uku na waƙoƙinta 150 kuka ne, ta 88 ma cikin duhu ta rufe. A labarin Ayuba kuwa, abokansa uku sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kamar zaman makokinmu. Ɓarna ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna nema masa laifin da ya jawo masa bala'i.

Musulmi ma ba baƙo ba ne a nan. Annabi Yaƙub, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, shi ne ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya kuma kai kukansa ga Allah. Ashe haƙuri da hawaye suna iya kwana ɗaki ɗaya. Wanda ya kai ƙara gaban sarki bai fita daga mulkinsa ba, ya yarda ne cewa akwai mai ji.

Wannan magana ta shafe mu, mu malamai. Tun 2015 hare-haren Boko Haram suka raba dubban iyalai da gidajensu a jihar Diffa, tun 2019 kuma ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi. Ƴaƴansu kan zauna a azuzuwanmu, wasu ba sa ɗaga kai. Addu'a ba ta maye gurbin likita, malami kuma ba limami ba ne. Amma muna da alli da takarda. Muna iya barin yaro ya rubuta abin da ya gani, cikin harshen da ya sha a nono, ba tare da jan biro ya bi bayansa ba. Idan ya gama, muka saurara, a lokacin ne haƙurin da za mu ba shi zai sami wurin zama.