Ranar da Yaya Ya Ce Waƙar Barci Na Kunna

Yayana yana da ɗan shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin hanya a garinmu Kwanyawa. Lokacin ina aji biyar na sakandare, a can nake yini duk ranar Asabar, ina jona caja, ina rubuta sunayen masu waya a jikin takarda. Janareto na ta ruri a waje, don haka duk waƙar da za a kunna sai ta fi shi ƙara.

A cikin kwamfutar Yaya, tsakanin waƙoƙin finafinan Hausa da na Indiya, akwai wasu waƙoƙin Turawa da wani direba ya bari a memori. Na Daft Punk ne, wasu Faransawa biyu, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu a birnin Paris a 1993. A lokacin ba sa nuna fuskarsu, kullum suna sanye da hular ƙarfe irin ta mutum-mutumi. Kiɗansu na na'ura ne, mai dukan ƙirji, yana ta maimaita kansa. Yaya ya fi son "Around the World" ta 1997 da "One More Time" ta 2000. Da zarar ya sake su, sai samari su cika bencin ƙofar shago, ciniki ya kankama.

Wata rana na samo kundin da suka fitar a 2013, mai suna Random Access Memories. Da zumuɗi na kunna, ina jiran a yaba mini. Sai ga kiɗa mai sanyi yana tafiya a hankali, da jita da ganga, babu wannan dukan da muka saba ji.

"Kai, wannan ai waƙar barci ce," in ji Yaya. "Ka tabbata su ne?"

Wani ya ce tsufa ne ya kama su. Wani ya ce sun yi kuɗi sun ƙoshi. Telan da ke maƙwabtaka da mu, dattijo ne da bai taɓa tanka wa waƙoƙinmu ba, shi ne ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Yaro, bar ta tukuna. Wannan da hannun mutum a ciki." Aka yi masa dariya. Ni ma na yi, na kuma kashe waƙar da sauri, don kada a haɗa ni da shi. Har yau wannan dariyar tana ba ni kunya.

Da dare na sa abin ji a kunne na sake saurare, ni kaɗai. A karo na uku na fara jin yadda mai ganga ke ɗan jinkirtawa, da yadda jitar ke amsa masa. Daga baya na karanta cewa Baba tela ya yi gaskiya. Mutanen nan sun rage dogaro da na'ura, suka ɗauko makaɗa na zahiri, har da Nile Rodgers mai jita, da Pharrell Williams wanda ya rera "Get Lucky". A 2014 sun tashi da kyautar Grammy guda biyar, ciki har da ta kundin shekara. Duk da haka, can ma masoyansu sun rabu: wasu suka ce an ci amanar filin rawa, wasu suka ce yanzu ne suka girma.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mu a nan mun bar kalangu irin na makaɗan Mamman Shata mun koma fiyano da kwamfuta a situdiyo, su kuwa daga na'urar suka juyo suna neman hannun ɗan Adam. Kunnen da ya tashi da kalangu shi ya fara ganewa, mu 'yan zamani muka tsaya dariya.

Ban ga laifin Yaya ba. Shi ƙara yake buƙata don ta jawo masa mutane, kuma waƙa mai sanyi ba ta iya faɗa da janareto. Sai dai na lura fushinmu bai shafi kyau ko munin waƙar ba. Mun so ne su tsaya yadda muka san su.

Na ƙara fahimtar haka bayan na shiga jami'a. Da na dawo hutun farko, na rage surutu da yawon dare. Abokaina suka ce na canza, wasu suka ce girman kai ne. Ya yi mini ciwo, domin babu wanda ya zauna ya tambaye ni dalili. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ba su ce a jefi makaɗin ba.

Saboda haka ƙannena, in mawaƙin da kuke so ya sauya salo, ko abokinku na aji ya sauya hali, ku saurara sau uku kafin ku yanke hukunci. In bai yi muku ba bayan haka, kuna da 'yancin cewa bai yi ba.

Daft Punk sun rabu a watan Fabrairun 2021. Yaya yana nan da shagonsa. A hutun da ya wuce na je taya shi rufewa bayan sallar isha'i, an kashe janareto, sai na ji waƙar barcin nan tana fita a hankali daga wayarsa. Na kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Ɗauko kwaɗon mu tafi."