Abin Da 'Yan Soso Suke Gani



Mu huɗu ne a aji biyu na ƙaramar sakandare da muke zuwa wurin wankin mota ranakun Asabar da Lahadi. Wasu a makarantar nan suna kiranmu 'yan soso, in mun zo wucewa su ce a kawo bokiti. Mun ji, kuma ba faɗa muka zo yi a allon nan ba. Da kuɗin soson muke sayen littafin rubutu da biro, ɗayanmu ma da shi ya ɗinka yunifom ɗin da ke jikinsa. Abin da ya sa muka rubuto shi ne, muna ganin yadda ake wanke motoci a gindin darbejiyar gaban ofishin malamai. Wasu abubuwan da ake yi wa motocin tausayi suke ba mu, wasu kuma tsoro.

A wurin aikinmu yaro ba ya taɓa jikin mota. Fenti da injin feshi na manya ne. Mu an bar mana taya da robobi da cikin mota, wato aikin durƙuso. Mutane suna ganin aikin raini ne, amma wanda ya durƙusa shi yake ganin abin da direba ba ya gani.

Dokar farko da maigidanmu ya kafa mana ita ce, taya tana da bokitinta da burushinta da tsummanta, ba a haɗa su da na ko'ina. Baƙar ƙurar nan da take manne wa wili ba ta hanya ba ce kawai. Garin birki ne da yake zubowa duk lokacin da direba ya taka, kuma akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa. Shi ya sa wilin gaba ya fi na baya baƙi, don birkin gaba ya fi shan aiki. In ka goge wili da tsumma sannan ka kai shi kan ƙofa, kamar ka goga mata yashi ne. Ba za a gani a ranar ba. Sai an ajiye motar a rana za a ga zane-zane kamar saƙar gizo a jikin fentin. A nan makaranta kuwa tsumma ɗaya ne daga taya har madubi, sau da yawa ma tsohuwar riga ce da maɓallanta a jiki.

Yanzu ga babban abin da ya kawo mu, wato baƙin mai. Kowa yana son ya ga tayarsa ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, musamman ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure. To sai a samo man da aka juye daga inji a shafa mata, wasu kuma man birki. Kyan nan ba ya wuce yini ɗaya. Man inji yana shiga roba ya lalata ta, ga shi da kama ƙura, kafin la'asar tayar ta koma kamar an tsoma ta a gari. Man birki in ya ɗiga a fenti cinye shi yake yi. In kuwa mai ya gangara ya taɓa faifan birki, to magana ta wuce ta kwalliya. Sannan ga hannun yaron da aka miƙa wa tsumman. Malamin kimiyyarmu ya gaya mana a aji cewa man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin da ke cutar da fata in ana yawan taɓa shi. Duk wanda ya taɓa gaisawa da yaron gareji ba zai yi musu ba.

Launin ƙasa-ƙasan da gefen taya yake yi, wanda ake ƙoƙarin rufewa da man, ba kullum ne alamar tsufa ba. Masu ƙera taya suna zuba wani sinadari a cikin robar, yana fitowa a hankali yana kare ta daga tsattsagewa, shi yake kawo launin. Ruwa da sabulu da burushi sun isa su gyara shi. Taya mai tsabta baƙi take yi mai duhu, ba ta ƙyalli. Akwai man taya na musamman a shagunan kayan mota, amma ko shi a gefe kawai ake shafawa, ba a kai shi inda taya take taka ƙasa.

Lokacin gurzar nan ne muke karanta taya. Ƙwarai, karanta ta ake yi. A gefenta akwai wani layi da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lamba huɗu. Wani lokaci suna ta ɓangaren ciki, sai an leƙa. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, ta sha yin gargaɗi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka ƙera ta. Da yawa daga cikin tayoyin da muke wankewa na gwanjo ne, sun gama aiki a wata ƙasa kafin su iso mu. Zanensu da sauran kyau, amma in ka duba lambar sai ka tarar tayar sa'ar ƙannenmu ce na firamare. Mun taɓa wanke wadda ta girme mu.

A cikin ramukan zanen kuma akwai wasu 'yan tuddai ƙanana masu tsayin milimita 1.6. Ranar da zanen ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Tsakuwar da ta maƙale muna cire ta da tsinke. Ƙusa kuwa ba ma cirewa, don ita take toshe ramin, sai dai mu nuna wa mai motar ya wuce wurin mai faci. In taya ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, muna faɗa. In ta yi ƙari a gefe kamar an cusa mata ƙwai, wannan ko ba a tambaye mu ba sai mun faɗa, don zaren cikinta ne ya tsinke, kuma irinta ce take fashewa a kan kwalta ana tsakiyar gudu.

Ba kowa yake son ji ba. Wani zai ce, "Kai yaro, wanki aka sa ka ko bakanikanci?" Wani kuma zai durƙusa tare da kai ya duba, ya yi shiru, ya ce Allah ya yi maka albarka. Wata Hajiya da za ta kai 'ya'yanta Zariya cewa ta yi ba inda za ta sai an canza tayar.

Robobin waje, irin na bamba da gindin madubi, ba su da wahala. Rana da garin sabulun wanki ne suke mai da su fari-fari. Omo na kaya ne, ƙarfinsa ya yi wa fenti da roba yawa. Sabulun mota na ruwa shi ya dace, kaɗan ya ishi bokiti. Robar bakin ƙofa kuma a riƙa goge ta da tsumma mai ɗanshi, don in ta tsage ta nan ƙurar hunturu da ruwan damina za su riƙa shiga.

Cikin mota shi ne inda ake sanin mutum. Ba za mu tona asirin kowa ba, amma ƙarƙashin kujera ba ya ƙarya: ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, tsinken tsire, busasshen goro, da takalmin jariri ƙafa ɗaya da aka daɗe ana nema a gida. Muna fara fitar da ledojin ƙafa mu kakkaɓe su a waje, sannan mu bi ƙura daga sama zuwa ƙasa. Ramukan esi da tsohon burushin haƙori muke bin su. A nan ruwa kaɗan ake so. Kujerar yadi akwai soso a ƙasanta, in ya sha ruwa aka rufe motar ta kwana, sai ta tashi da wari, kuma turare ba ya maganinsa. In fura ko kunu ya zube, a danna busasshen tawul ya tsotse, a bi da kumfar sabulu, a bar ƙofofi a buɗe. Ƙasan kafet kuma wayoyin lantarki ne suka bi, shi ya sa gabanmu yake faɗuwa in muka ga an ɗaga bokiti an sheƙa a cikin mota kamar tsakar gida.

Dashbod tsumma mai ɗanshi ya ishe shi. In aka shafa masa man da ke sa sheƙi, da rana haskensa yana komawa kan gilashi ya dame idon direba. Sitiyari da matakan birki da totur kuwa ba a kai musu komai mai santsi, ko mai motar ne ya ce a shafa, mukan ce ya yi haƙuri ya tambayi maigida. Mai da ledar ƙafar direba wurinta shi ma ba aikin gaggawa ba ne. In ta zame gaba tana iya danne totur. A shekarar 2009 kamfanin Toyota ya nemi a dawo da miliyoyin motoci a Amurka saboda wannan matsalar ta ledar ƙafa. Haka robar lemo in aka bar ta ƙarƙashin kujerar direba, tana iya gangarowa ta shige ƙasan birki.

Bel ɗin kujera da ruwa da ɗan sabulu muke goge shi, ba a sa masa bilic don yana raunana zaren, kuma sai ya bushe ake sakinsa ya koma. Na baya dai ba sa ba mu aiki. Kullum muna zaƙulo su daga bayan kujera fes, kamar yau aka ƙera su.

Duk abin da muka tsinta, kuɗi ne ko katin banki ko ɗan kunne ko carbi, a leda ɗaya muke tarawa mu ajiye a kan kujerar direba. Yaron da aka kama da ko naira hamsin ba ya sake dawowa wurin. Masu kiranmu 'yan soso su sani, makullin mota ake miƙa mana a tafi masallaci.

Malamanmu, muna da roƙo, kuma da ladabi muke yin sa. In za a sa ɗalibi wankin mota, a bari sai an tashi. Wanda aka fitar lokacin darasin lissafi, in an zo jarrabawa ba za a tambaye shi taya ba. A ba shi tsumma biyu maimakon ɗaya, a kuma daina aikensa gareji ɗebo baƙin mai a gwangwani.

Makon jiya lokacin tara mun zaga mun leƙa tayoyin motocin da ake ajiyewa a gaban ofis. Mota uku tayoyinsu sun wuce shekara huɗun nan da nisa, ɗaya kuma tana da ƙari a tayar baya ta hagu. Ba za mu rubuta na wane ne a allo ba. Ranar Alhamis bayan an tashi za mu tsaya a gindin darbejiyar har a yi kiran la'asar. Duk malamin da yake so mu nuna masa inda lambar take, ko ɗalibin da zai koya ya je ya duba motar gidansu ko Keke Napep ɗin yayansa, ya same mu a can. Ba ma karɓar ko sisi.

Wassalam.
Daga 'yan soso huɗu na aji biyu.