Kilomita 17 babu gari, babu ruwa

Tun da duhu ake tashi a masaukin matafiya. Ba a kunna fitila, gudun kada a tashi masu barci, sai kowa ya dinga laluben takalminsa da hasken waya. Ƙarfe shida na fita daga garin Kariyon de los Kondes, a arewacin Sifaniya. Ranar na shiga mako na uku ina tafiya a ƙasa.

Sunan hanyar Kamino de Santiyago. Tun ƙarni na 9 Kiristocin Turai suke takawa zuwa birnin Santiyago de Kwampostela, inda suka yi imani an binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS). Reshen da na bi ya taso ne daga wani ƙaramin gari a Faransa, a gindin duwatsun Firenis, kuma tsawonsa ya kusa kilomita 800. A yanzu ba masu ibada kaɗai ke bin ta ba. Na haɗu da ɗalibai, da 'yan fansho, da wani da matarsa ta rasu ya ce zaman gida ya gagare shi. Ni kuwa labarin kakana ne ya kawo ni. Shi da ƙafa ya je Makka ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yin ƙwadago a hanya, sai bayan shekaru ya dawo. Na so in ɗanɗana ko kaɗan daga abin da ƙafarsa ta ji.

Ɓata hanya da wuya. Akwai kibiya mai ruwan ɗorawa da aka zana a bango, a jikin itace, a kan dutse; wani limamin coci mai suna Eliyas Balinya ne ya fara zana su a shekarun 1980. Kowane matafiyi kuma yana riƙe da ɗan kati da ake buga wa hatimi a masauki ko gidan abinci, shaidar cewa ya ratsa ta wurin.

Tsakanin biranen Burgos da Leyon akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da suke kira Meseta, gonakin alkama iya ganinka. Wasu mota suke hawa su tsallake shi, wai babu abin kallo. A ganina sun yi asara, ko da yake a ranar nan na kusa ba su gaskiya.

Daga Kariyon zuwa ƙauye na gaba kilomita 17 ne, babu gida, babu famfo, inuwa ma sai jefi-jefi. An gaya mini tun da dare. Na ce a raina, ni da na tashi a zafin bazara, ranar Turawa ce za ta ba ni tsoro? Gora ɗaya na ɗauka. Kafin ƙarfe tara na shanye.

Hanyar miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare. Ka yi awa guda kana tafiya, ka ɗaga kai, abin da ka gani ɗazu shi za ka sake gani. Kantar da ke diddigena ta fashe, maƙogwaro ya bushe, jakar nan mai kilo tara ta koma kamar buhun masara. Na zauna a bakin hanya ina lissafin kuɗin mota zuwa Leyon.

Sai ga wata tsohuwa 'yar Koriya da sandunanta biyu, tana tafe a hankali. Da safe na wuce ta da sauri, har ina tausaya mata. Ta dube ni, ta dubi gorata, ba ta ce komai ba. Ta tsiyaya mini rabin ruwanta, ta ɓare lemo ta ba ni. Na ce, “Na gode, Mama,” da Hausa, don ba mu da yaren da ya haɗa mu. Ta ce “Buwen kamino,” gaisuwar da kowa ke yi a hanyar, wato a sauka lafiya. Na tashi na bi bayanta, ina taka irin takunta.

Ƙauyen Kalsadiya de la Kuwesa a cikin kwari yake, ba ka ganin gidajensa sai ka zo daf da su. Na tsaya a bakin famfo na sha har cikina ya yi nauyi. Da na waiwaya in neme ta, ta riga ta buga hatiminta ta yi gaba. Saura kusan kilomita 390 a isa Santiyago. Washegari gora biyu na cika.