Yashi Ba Duka Ɗaya Ba Ne

Ina kiwon kifin teku a akwatin gilashi a shagona na Diobu, kuma 'yan uwa kan ce, "Malam, yashi ai yashi ne." Ina! Na bakin ruwan Fatakwal ya sha ɗanyen mai da baƙin hayaƙi, guba ne ga kifi. Wanda tifa ke kwasowa daga Kwara a Anaca kuwa na gini ne. Kifin teku farin yashi yake so, na garin murjani da katantanwa, mai hana ruwa yin tsami. Busasshe nake saye, in wanke a bokiti kamar shinkafa har ruwan ya fito garau, in shimfiɗa kaurin yatsa biyu. Tunda ni na raba kifin da gidansa, haƙƙinsa na wuyana.