Kontagora: Garin Da Babur Ya Gaji Doki

Matafiyin da ya taso daga Minna ya nufi Kontagora, sai ya bi ta Zungeru, ya ɓulla Tegina, daga nan ya karkata yamma. Tun bai hango gidajen gari ba zai fara cin karo da abin hawan da ya fi kowanne yawa a wannan ƙasa, watau babur. Ga wani ya ɗauro buhun masara biyu a baya, ya ɗora na uku a kan tanki. Ga wani da maiɗakinsa da 'ya'ya uku. Ga Bafulatani ya rungumo tunkiya, an goyo shi za shi kasuwa. Kowa ya sha ƙura har gira ta yi ja.

Asalin garin kuwa na mahaya dawaki ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi a cikin shekarar 1864, bayan an ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859. An ce da ya iso wurin sai ya umarci jama'arsa da su kwantar da gorunansu na ruwa, tafiya ta ƙare, daga nan sunan ya fito, watau kwanta gora. A kan doki aka kafa mulkin, a kansa aka kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari, har zuwa 1901 da sojan Turawa suka ci garin a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim. Yanzu doki ya koma na ado, sai ranar hawan Salla ake fito da shi da kwalliya. Aikin yau da kullum ya koma wuyan babur.

Dalilin haka a fili yake. Kontagora mararraba ce: babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi Ilori da Jebba da Mokwa ta nan ta ratsa, ta wuce Yawuri da Jega har Sakkwato, wata kuma ta yi Rijau da Zuru. Amma da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan Mariga ko Mashegu ko Magama, sai burji, daga burji sai turbar da ƙafa ta fitar. Da damina rafuka kan cika, laka ta kama mota ta kwana a wurin. Dawar da aka noma da gyaɗa da wake da shinkafa, da yawansu a bayan babur suke fitowa bakin titi. Haka mai naƙuda da wanda maciji ya sara, a kansa ake garzayawa da su asibiti.

Dattawan gari suna tuna lokacin da babur yake abin alfahari. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, ana wanke su kowace safiya kamar ana wa doki wanka. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da arha, sa'an nan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya mamaye sana'ar kabu-kabu. Injinsa na sisi 100 bai kai ƙarfin dawaki goma ba, amma ba ya shan mai, kuma da wuya a sami ƙauyen da babu bakaniken da ya san cikinsa.

To, a ƙasashen Turai akwai wani jinsin babur da ake yayi, wanda sunan da suke kiransa da shi yake nufin tsirara. Ma'anarsa an tuɓe masa rufin roban da ake lulluɓe baburan tsere da shi, an bar inji da ƙarafa a waje kowa na gani. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne Speed Triple na kamfanin Triumph da ke Hinckley a Ingila, wanda aka fara ƙerawa a 1994, aka kuma sabunta shi a 2025. Injinsa mai silinda uku ne, sisi 1,160, da ƙarfin dawaki kimanin 180, alhali nauyinsa duka bai wuce kilo 200 ba. Yana zarce kilomita 200 a sa'a guda ba tare da wahala ba. Saboda tsananin ƙarfinsa sai da aka sa masa kwamfuta mai hana tayar gaba tashi sama in an murɗa wuta, da birkin da ba ya kulle taya, da shokozoba mai daidaita kanta gwargwadon hanya. Ba a yi shi don ɗan koyo ba, sai wanda hannunsa ya faɗa.

Da za a kafe irin wannan babur a bakin tashar Kontagora, lalle yara za su yi masa zobe. Amma batun tsiraici ba zai ba kowa mamaki ba, domin duk babur ɗin da ke garin haka yake, inji a waje, kuma in ma ya zo da wani ɗan rufi, bakanike zai cire ya jefar don ya ji daɗin kai hannu ga fulogi. Abin da ɗan kabu-kabu zai fara dubawa shi ne mazauni, ya ga ko mutum biyu da ƙyar zai ɗauka, ga shi babu kariyar ɗaura buhu. Sai ya duba tayoyin, masu faɗi ne da santsi, na kwalta mai laushi. Sai ya tambayi irin man da yake sha, domin injin da kwamfuta ke auna wa mai ba ya jure wa na galan da ake saye a gefen hanya. In kuwa ya lalace, babu sukundireba da sifanar da za su tashe shi a ƙarƙashin bishiya. Wani abin sha'awa a nan, kamfanin Bajaj mai yin Boxer shi ne ya fara ƙera wa Triumph ƙananan baburansa masu sisi 400 a Indiya a 2023. Ashe dai akwai dangantaka, ko da ta nesa ce.

Gwanintar hawa ma kowa da irin tasa. Ta Bature ita ce kwanciya a kan kwana da gudu har gwiwa ta kusa shafar ƙasa. Ta mutumin Mariga ita ce ya ratsa yashi da buhu uku bai sa ƙafa ƙasa ba, ya san inda zai sassauta kuloci a cikin taɓo, ya dubi launin ruwan rafi ya gane ko zai ƙetaru. Ba a koyon wannan a makaranta, da faɗuwa ake biyan kuɗin karatunta, kuma abin takaici mafi yawansu ba su sa hular kwano.

Sai dai ƙarfin babur yana da wata ma'ana a wannan yanki wadda masu ƙera Speed Triple ba su san da ita ba. 'Yan bindigar da suka addabi dazuzzukan Neja da Zamfara da Kebbi da Kaduna a kan babura suke tafe, biyu-biyu ko uku-uku, ta turbobin da motar soja ba ta iya bi. Har wani samfurin Honda da suka fi so jama'a suka laƙaba masa suna Boko Haram. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina, a watan Yuni kuma aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Sau da yawa ɓarayin kan haɗa da sababbin babura a cikin kuɗin fansar da suke nema. Wannan ya sa a Nuwambar 2021 Gwamnatin Jihar Neja ta ba da sanarwar hana sayar da baburan da injinsu ya kai sisi 185 zuwa sama. Babur ɗin Hinckley ya ninka wannan iyaka sau shida.

Talaka ne ya shiga tsaka mai wuya. Abin da ke fitar masa da amfanin gona, shi ne ke kawo masa wanda zai raba shi da gonar. A ƙauyukan da aka taɓa kai wa hari, ƙarar babur ɗaya ba ta ta da hankali, amma in aka jiyo rugugin da yawa a tare, mata kan suri yara su yi daji tun ba a san ko su wane ne ba. Wani lokaci ashe 'yan ɗaurin aure ne.

Da la'asar sakaliya ta yi, sai a ga mutanen ƙauye suna gaggawar ɗaure kayansu da igiyar roba a bakin kasuwa: gishiri, da kananzir, da buhun taki. Babu mai son magariba ta riske shi a hanya. Mai faci yana ta aikinsa ana tsaye a kansa ana cewa ya hanzarta. Wanda aka gama wa sai ya buga kik, ya ce a kwana lafiya, ya bi sahun 'yan garinsu, domin sun fi son su tafi a jere.