Daga Jega Zuwa Porto: Tunanin Ɗan Bakura

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bakura ya san yadda la'asar take idan an kawar da amfanin gona. Da rana ta yi sanyi, sai ka ga yara sun yi dandazo a filin makaranta, an kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ana ta dukan tamaula har ƙura ta turnuƙe. Wani da takalmi, wani ƙafa tsirara, wani kuwa shi da abokinsa sun raba takalmi ɗaya, kowa ya sa wari guda. Ba a tashi sai ladan ya kira magariba.

A zamanin kakanninmu, yaro mai ƙarfi da zuciya ba ya rasa hanyar yin suna. Dambe da kokawa suna nan, kuma hanyarsu sananniya ce. Da kaka ta yi, sai saurayi ya naɗe hannu ya bi manyansa gari gari, daga dandalin ƙauyensu zuwa na kasuwa, daga nan sai birni. Idan ya yi kisa, makaɗi ya ɗauki sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ta haka muka san su Shago da Ɗandunawa, waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. To, yau zuciyar samari ta koma kan ƙwallon ƙafa, amma ita ba mu gina mata irin wannan hanya ba. Yaro zai yi fice a makarantar sakandare, a tafa masa ranar wasannin shekara, sa'an nan shi ke nan.

Abin da ya sa ba na yarda idan an ce ɗan ƙaramin gari ba zai kai ko'ina ba shi ne labarin Zaidu Sanusi. An haife shi a 1997 a Jega, cikin Jihar Kebbi, watau ƙasar da muke jiha ɗaya da ita, ta Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991, mu kuma Zamfara a 1996. A ƙungiyar garinsu, Jega United, ya fara. A 2016 ya tafi ƙasar Fotugal wajen ƙungiyar Gil Vicente, daga nan aka tura shi Mirandela, wata ƙaramar ƙungiya da ke can rukuni na uku, inda ba kowa ke kallon wasa ba. A 2019 ya koma Santa Clara, wadda ke wani tsibiri a tsakiyar tekun Atlantika. Sai a 2020 ne babbar ƙungiyar Porto ta saye shi, kuma a shekarar ya fara yi wa Nijeriya wasa. Ran 7 ga Mayu 2022, a gidan Benfica da ke Lisbon, ana dab da tashi, shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Porto kofin ƙasar na wannan shekara.

Samarinmu sun haddace wannan ƙwallo. Abin da ba su cika ambata ba shi ne shekaru 4 da ya yi tsakanin barin gida da isa Porto, a ƙasar sanyi, cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan magana ba daga nesa nake hangenta ba, a cikin gidanmu take. Ina da ƙane wanda yake ajin ƙarshe na sakandare. Idan ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu, sai ka ji fili ya ɗauki sowa. Shi dai ya ƙudurta a ransa ƙwallo zai yi. Baba kuwa manomi ne, rayuwarsa duka a noman rani na Bakalori ya yi ta, kuma abin da bai ga an auna da mudu ba bai ɗauke shi sana'a ba. Da na koma hutu, ya kira ni zaure ya ce, "Kai da ka yi karatu, yi wa ƙanenka magana. Tamaula ba sana'a ta ba. In ƙahwa ta kare, mi za shi ci?"

Na ce, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, akwai waɗanda suka ci abinci da ita."

Ya ce, "Nawa na?"

A nan na yi shiru, domin tambayar tana da nauyi. Ga shi kuwa bara waccan wani mutum ya zo garinmu da jaka da takardu, ya ce yana neman yaran da zai kai gwaji Turai. Iyaye suka sayar da shinkafa, wasu da akuya, suka biya kuɗin fom. Tun ranar da ya hau mota ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka tsoron Baba ba na jahilci ba ne. Shi kansa Zaidu, a 2024, jim kaɗan bayan ya buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka, ya ji mummunan ciwo a gwiwa wanda ya zaunar da shi watanni.

Ni a ganina, da Baba da ƙanena kowa ya riƙe rabin gaskiya. Baiwa tana nan a ƙauyukanmu, daga Bakura har Mafara da Maradun, ba ta fi yawa a birni ba. Abin da babu shi ne tsani. Zaidu bai yi tsalle daga Jega ya dira Porto ba, akwai ƙungiya a garinsu wadda ya taka tukuna. Da za a raya gasa tsakanin makarantu, a riƙa yin ta kowace shekara ba sai an ga dama ba, kuma kowane gari ya sami ƙungiya mai rajista da mai horarwa wanda iyaye suka san gidansu, da yaro ya san matakin da ke gabansa, macuta kuma da sun rasa kasuwa.

A ƙarshe mun yi sulhu a gida. Ƙanena zai zauna jarrabawarsa, ya fito da takarda a hannu, sa'an nan Baba zai bar shi ya je gwaji Gusau ko Sakkwato, wurin ƙungiyar da aka sani, ba tare da biyan kowa ko kwabo ba. Idan ya dace, madalla. Idan bai dace ba, ga takarda, ga kuma gona.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu malaman makaranta za mu zama, wasu kuma su riƙe ofisoshi. Idan wannan rana ta zo, kada mu raina filin bayan aji. Allah ya sa ƙannenmu su sami hanyar da ba su sayar da karatunsu ba kafin su bi ta, amin.